KUNNE AMANA NE: ABUBUWAN DA KE JAWO KURUMTA A TSAKANINMU

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako mun jingine bayanin da muke yi a kan hukunce-hukuncen ciniki, saboda wata takarda da ta zo mana daga wani ma'aikacin Ƙaramar Hukuma a Gwaram, wadda muka ga ba ta jira.

Wannan bawan Allah ya ce yana da ɗa mai shekara 7 wanda sanƙarau ya kama a bazarar da ta wuce. Allah Ya ba shi lafiya, amma tun daga ranar da aka sallamo su daga asibiti sai a kira shi sau uku sau huɗu bai waiwayo ba. A makarantar allo ana bugunsa ana cewa ya koyi kunnen ƙashi, a cikin gida kuma tsofaffi suna cewa iska ce ta shafe shi, waɗansu suna cewa hannu aka sa masa. To, shi ne yake tambaya, shin wannan ƙaddara ce da za a naɗe hannu a zuba mata ido, ko kuwa akwai abin da ya wajaba a kansa ya yi?

Amsarmu a taƙaice ita ce, babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarar Allah, amma Shi ne kuma Ya sanya wa kowane abu sababi, Ya umurce mu da riƙon sababi. Kurumta tana da sabubba sanannu, kuma da yawa daga cikinsu suna hannunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa mutum kimanin miliyan 430 a duniya suna da raunin ji wanda ya kai ga nakasa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya karewa take fitowa. Abin da za mu kawo na likitanci daga ma'abutansa muka ɗauko, domin kowane fanni ana komawa ne ga masu ilminsa.

DARAJAR JI A WURIN MALAMAI

Wanda ya karanta aya ta 78 ta Suratun Nahli zai ga an tunatar da ɗan Adam cewa ya fito cikin mahaifiyarsa bai san kome ba, sa'an nan aka lissafa masa ƙofofin da ilmi ke shigar masa, aka fara da ji. A aya ta 36 ta Suratul Isra'i kuma an sanar da mu cewa ji yana daga cikin abubuwan da za a tambaye mu a kansu. Abin da za a tambayi mutum a kansa kuwa amana ne a hannunsa.

Malaman fiƙihu ba su ɗauki wannan da wasa ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu zauren ilmi a ƙasar Dutse da ba a karanta ta, an tabbatar da cewa wanda ya ɓata wa wani jinsa ɗungum zai biya cikakkiyar diyya, watau daidai da diyyar rai, raƙuma 100 ko dinari 1,000. In kunne ɗaya ne ya mutu, rabin haka. Shaihu Halilu kuma a cikin Muhtasar har ya kawo hanyar gwaji: a toshe lafiyayyen kunne, a riƙa kiran mutum daga wurare dabam-dabam, a auna inda jinsa ya tsaya, a gwada da na ɗayan kunnen. Ga shi tun ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera na'urar gwajin kunne malamanmu sun san ji abu ne da ake aunawa, wanda ke raguwa da daraja-daraja. Ashe abin da Shari'a ta yi wa kuɗi daidai da rai bai kamata mu riƙa wasa da shi da tsinken ashana ba.

YADDA KUNNE YAKE AIKI

Abin da muke gani a waje mazurari ne kawai mai tara sauti. Daga nan sauti yakan bi rami ya tarar da wata 'yar fata siririya da aka ɗame kamar fatar kalangu, ita ce ake kira dodon kunne. A bayanta akwai 'yan ƙasusuwa guda 3, ɗaya daga cikinsu shi ne mafi ƙanƙanta a duk jikin mutum, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su ne ke miƙa motsin zuwa can ciki, inda akwai wani gurbi murɗaɗɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. A cikin wannan katantanwa akwai waɗansu ƙananan halittu masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mai da motsi ya zama saƙo, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa.

A nan ne muke son mai karatu ya riƙe abu guda, domin duk sauran bayanin a kansa ya ginu. Matsalar da ta tsaya a rami, ko a dodon kunne, ko a 'yan ƙasusuwan nan, galibi tana da magani ko gyara. Amma waɗannan gasu na can ciki, in sun mutu ba su sāke tsirowa. Da adadin da aka haifi mutum da shi zai yi ta amfani har ya koma ga Ubangijinsa. Farce yana tsirowa, ƙashi in ya karye maɗori ya ɗora, amma wannan babu maɗorinsa.

SANƘARAU

Mu fara da abin da ya sami ɗan mai takarda. Ƙasarmu tana cikin yankin da likitoci ke kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha. Cutar takan tashi ne daga lokacin hunturu da ƙura zuwa tsananin bazara, ta lafa in ruwa ya sauka. Ƙwayar cutar tana bin numfashi da tari, saboda haka ta fi samun dama inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki guda marar taga, kamar zaurukan almajirai da ɗakunan kwanan 'yan makaranta. Takan kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, daga nan ta ratsa zuwa katantanwar kunne ta kashe gasun nan. Likitoci sun ce kimanin mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka tashi daga irin wannan sanƙarau suna fita da wata nakasa, kurumta kuwa tana kan gaba.

Waɗanda suka manyanta ba za su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa, har Hukumar Saudiyya ta hana maniyyatanmu shiga aikin Hajji. Kurame da yawa da muke gani yau a tashoshin mota da kasuwanni, masu shekara talatin da 'yan kai, ba haka aka haife su ba. Yara ne da suka riga suka fara magana, annoba ta bi ta kansu.

To, Allah Ya kawo sauƙi. Daga 2011 aka fara yi wa jama'ar Arewa allurar da ta karya lagon nau'in da ya yi waccan ɓarna. A 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i 5 na ƙwayar cutar, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara kai wa, saboda cutar ta ɓulla a cikinta a wancan lokaci. Abin mamaki, Alhajin da ke miƙa hannu a yi masa allurar sanƙarau ba gardama domin in babu ita ba ya shiga Makka, shi ne za ka ji ya kori masu rigakafi daga ƙofar gidansa. Wannan ba adalci ba ne ga yaran da ke ƙarƙashinsa.

Alamun sanƙarau su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, da sanƙarewar wuya. Ga jariri kuma maɗigarsa takan kumbura, ya ƙi nono. Cuta ce mai iya kisa cikin kwana guda, saboda haka ba a kwana da ita a gida. Kuma duk wanda ya warke, lalle ne a nemi a gwada jinsa tun da wuri, ko da babu wanda ya lura da kome.

ƘYANDA DA 'YAN'UWANTA

Bayan sanƙarau sai ƙyanda, wadda muka raina muka mai da ita kamar harajin da kowane yaro zai biya. Ƙyanda tana jawo ruwan kunne, tana kuma iya kashe ji gaba ɗaya. Allurarta kyauta ce a asibitocin Hukuma, ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15. Hangum ma, da muke ɗaure wa yaro haɓa muna dariya, yakan kashe kunne, galibi guda ɗaya, har yaro ya girma ba a sani ba sai ranar da ya kwanta a kan lafiyayyen kunnen aka yi ta kira bai ji ba. Haka kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, wanda ɓera ke yaɗawa ta hanyar fitsari da kashinsa a cikin abinci. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga gare shi sukan sami raunin ji. 'Yan kasuwa masu ajiye hatsi da masu shanya a bakin titi su lura da wannan.

Akwai kuma abin da ke samun yaro tun yana ciki ko a wajen haihuwa. Mace mai sabon ciki in ta kamu da ƙyandar nan mai sauƙi da ake kira ƙyandar Jamus, ita tana iya warkewa cikin kwana uku, amma ɗan cikin ya fito kurma. Doguwar naƙuda da ta sa jariri ya daɗe bai yi kuka ba, da haihuwar bakwaini, da shawara mai tsanani wadda ke mai da idon jariri rawaya a makon farko, duk suna taɓa ji. Shawarar jariri a asibiti ake maganinta, da wata fitila ta musamman, jiƙe-jiƙe ba su yi mata kome.

Wani kuma gādo ne. Auren zumunta halal ne, babu mai haramta abin da Allah Ya halatta. Sai dai likitoci sun gano cewa miji da mata suna iya kasancewa dukansu masu ji garau alhali kowannensu yana ɗauke da irin kurumta a ɓoye, in haka ta faru kuwa, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na fitowa kurma. Wannan haɗuwa ta fi yawa tsakanin dangi. Saboda haka zuriyar da aka san ana haifar kurame a cikinta, babu laifi su shawarci likita kafin su ƙulla aure a tsakaninsu, kuma zalunci ne a ɗora wa uwa laifi ita kaɗai.

Mu da muke yi wa jariri huɗuba a kunne, ya kamata mu tsaya mu tabbatar ko kunnen yana ji. Jariri lafiyayye yakan firgita in ƙofa ta bugu. A wajen wata 6 yakan juya wajen da murya ta fito. In ya shekara yakan fara gwaranci da kiran baba da mama, in ya shekara 2 ya haɗa kalma biyu. Wanda bai yi haka ba, kada a ce nauyin baki ne na gidansu, a kai shi a duba. Yaro da kunne yake koyon magana, bebe da yawa harshensa lafiya lau yake.

KUNNE MAI RUWA DA ƘWAƘULAR KUNNE

Shiga kowace makarantar firamare daga Birnin Kudu zuwa Basirka, da wuya ka rasa yaron da ƙuda ke bin kunnensa. Asalin abin daga mura ne. Akwai wata 'yar hanya da ta haɗa bayan dodon kunne da maƙogwaro, ita kuwa ga yara gajeruwa ce, ƙwayar cuta takan bi ta cikinta ta tara mugunya. Yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne, can sai mugunyar ta fasa dodon kunne ta fito, zafi ya lafa, iyaye su ce ya warke. Alhali yanzu ne aka fara. In aka yi magani da wuri hujin yakan rufe da kansa. In aka bar shi shekara da shekaru yana zuba, sai ya cinye 'yan ƙasusuwan nan, wani lokaci ma ya ratsa zuwa ƙwaƙwalwa. Hayaƙin murhu a ɗaki rufaffe da hayaƙin taba suna ƙara wa yara wannan ciwo, shayar da nonon uwa kuwa yana rage shi.

Ɗiga mai, ko turare, ko ruwan albasa, ko ruwan ganye a kunnen da ya huje, kai guba ne kai tsaye zuwa ciki. A goge abin da ya fito waje da tsumma mai tsabta, a hana ruwa shiga wajen wanka da iyo a kududdufi, a tafi asibiti.

Manya kuma nasu ciwon shi ne ƙwaƙula. Za ka ga ɗan kasuwa zaune a rumfa, ko ma'aikaci a ofis, ya cusa tsinken ashana, ko gashin kaza, ko murfin biro, ko makullin babur, ya lumshe ido yana juyawa. Dauɗar kunne da muke yaƙi da ita Allah Ya halicce ta ne domin ta kama ƙura da ƙwari, kuma da kanta take fitowa a hankali. Tsinke tura ta yake yi ciki ta dunƙule ta toshe rami, in kuwa wani ya bangaji gwiwar hannun mutum sai dodon kunne ya tafi. Shafar kunne da aka sunnanta mana a alwala da yatsu ne, a iyakar inda yatsa ya tsaya. Yaron da ya cusa wake ko ƙwayar masara a kunne, kada a zuba ruwa, domin ƙwayar kumbura za ta yi, kada kuma a sa tsinke. Tun a Andalus likita Azzahrawi ya keɓe babi a littafinsa a kan fitar da irin waɗannan abubuwa da kayan aiki na musamman, domin aiki ne na gwani.

ALLURA BA DA IZNIN LIKITA BA

Mutanenmu suna da imani da allura, har wani in bai ji tsini ba sai ya ce ba a yi masa magani ba. To, akwai allurai masu ƙarfi irin su jentamaisin da sitireftomaisin waɗanda in an wuce kima, ko an daɗe ana yi, ko an yi wa mai ciwon ƙoda, sukan kashe gasun kunne har abada. Kinin ma yakan sa kunne ƙugi da dum, ko da yake nasa galibi yakan wuce in an daina. Waɗannan magunguna suna ceton rai in likita ne ya auna nauyin mutum ya rubuta, kada wani ya ƙi su a asibiti saboda maganarmu. Abin da muke tsoratarwa shi ne a ɗauki jariri a kai shi bayan kanta a ce a yi masa allurar zazzaɓi. Mai sayar da magani da ya yi abin da bai da ilminsa har ya ɓata wa yaro ji, ya sani malamai sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi likitanci ba da sani ba.

ƘARA

Wannan shi ne ɓarawon da ba a jin shigarsa, domin ba ya zuwa da zafi ko jini. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum kimanin 60 ce. In ƙara ta kai 85, iyakar abin da kunne ke ɗauka ba tare da lahani ba awa 8 ne a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, har in ta kai 100 minti 15 kacal. Harbin bindiga kuwa yakan wuce 140, guda ɗaya kusa da kunne ya isa ya yi ɓarna. Wanda ba shi da na'urar awo ga ma'auni mai sauƙi: in kana tsaye da mutum, tsakaninku bai wuce kamu biyu ba, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to, wannan wuri yana cin kunnenka.

Yanzu mai karatu ya tuna da layin masu injin niƙa da na casar shinkafa a kasuwar Sara, da masu walda da masu yankan katako a bakin babbar hanyar da ta ratsa Birnin Kudu, da janaretan da ke ruri a ƙofar shago tun safe har dare, da masu tallan magani da lasifika. Yaron da aka ajiye a bakin inji shi ke wuni a nan, maigidan yana can nesa yana lissafi. Alamar farko ita ce in an tashi aiki kunne ya riƙa ƙugi ko shuu kamar ana ruwa. Da safe sai ya washe, a koma. A kwana a tashi sai ya daina washewa. Abin toshe kunne na roba da ake sayarwa bai kai kuɗin kwanon abinci ba, kuma haƙƙi ne a kan mai inji ya saya wa yaransa, ya riƙa musanya su, ya fitar da janareta nesa da inda mutane ke zama.

Samari kuma da 'yar igiyar nan da suke cusawa a kunne daga waya, wadda suke kira iyafis, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗari saboda irin wannan saurare. Gasun kunne ba su bambance waƙa da wa'azi, ƙarfin sautin kawai suka sani. In na kusa da kai yana jin abin da kake saurare, ya yi yawa.

A nan ba za mu tsallake namu ba. Lasifika ni'ima ce, ta isar da kiran salla inda murya ba ta kai. Amma mun ga wuraren wa'azi da maulidi da walima inda ake jera manyan akwatunan sauti a buɗe su iyakar ƙarfinsu, sa'an nan a zaunar da yara ƙanana a gabansu har tsakar dare. Aya ta 19 ta Suratu Luƙmana tana horo da sassauta murya, aya ta 110 ta Suratul Isra'i kuma tana horo da tsakaitawa ko a cikin salla. A 2021 Ma'aikatar Harkokin Addini ta Saudiyya ta ba da umurnin a taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kada kuma a wuce sulusin ƙarfinta. Ba mu ce dole a kwaikwayi wannan harafi da harafi ba, amma kwamitocin masallatanmu su duba, su ɗaga akwatunan sama, su nisanta yara daga bakinsu, su tuna da marar lafiya da jaririn maƙwabta.

MARI

Yanzu ga wadda ta fi yi mana nauyin faɗa. Tafin hannu in ya sauka a kan kunne yakan matse iska cikin rami da ƙarfi, ta fasa dodon kunne nan take. Mari ɗaya ya isa. Hadisi ingantacce ya hana bugun fuska. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa, ya iyakance horo ga bulala 3, ya hana bugun yaro a ka ko a fuska.

Mu kanmu da muke wannan rubutu muna da abin da muke neman gafara a kansa. Shekaru da suka wuce muna da wani almajiri wanda kullum in an biya masa sai ya kawo wani abu dabam. Muka ɗauka wasa ne ya yi masa yawa, muka tsananta masa ƙwarai. Sai wata rana muna tsaye a bayansa muka kira sunansa har sau uku bai motsa ba, da muka zagayo gabansa sai ya zabura. Muka duba, ashe kunnuwansa duka biyu suna zuba, ya daɗe yana karatu da kallon leɓɓanmu. Bayan an yi masa magani muka dawo da shi gaba kusa da mu, ya sauke tare da sa'o'insa. Har yau in muka tuna bulalar da ya sha a kan abin da ba laifinsa ba, sai mu ji kunya. Malamai da iyaye da mazaje, kafin a ce wa wani mai kunnen ƙashi, a tabbatar yana da kunnen ji.

TSUFA

Na ƙarshe shi ne wanda ke jiran duk wanda Allah Ya ja kwanansa. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka wuce shekara 60 suna da raunin ji mai nauyi, ciwon sukari da hawan jini da ƙarar da mutum ya sha a ƙuruciya kuma suna gaggauta shi. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, shi ya sa tsoho zai ce yana jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman maganar mata da jikoki, ko cikin taro. Daga nan sai ya fara janyewa daga majalisa, a ce ya rikice, alhali kunya ce ta yawan cewa "na'am?" Ladabin magana da irin wannan dattijo shi ne a fuskance shi cikin haske, a yi magana a hankali, a rage hayaniya. Tsawa ba ta ƙara masa fahimta, ɓacin rai take ƙara masa. Na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a kunne kuwa daidai take da tabarau, babu abin kunya a ciki, sai dai a auna kunne tukuna kafin a saya.

SHAWARA GA MAI TAKARDA

Ɗan'uwa, ɗanka ba iska ce ta shafe shi ba, kuma ba taurin kai ya koya ba. Ka je wurin malaminsa yau ka yi masa bayani cikin girmamawa a daina bugunsa. Ka kai shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ka nemi a gwada jinsa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Kada ka jinkirta, domin bayan sanƙarau ƙashi yakan tsiro ya cike katantanwar kunne cikin 'yan watanni, abin da za a iya yi yau sai ya gagara gobe. In akwai sauran ji, na'ura za ta taimaka. Ku ci gaba da yi masa magana fuska da fuska domin kada maganar da ya riga ya koya ta zube.

In kuwa Allah Ya ƙaddara jin ya tafi, to, hankalinsa yana nan, kuma neman ilmi bai faɗi daga kansa ba. Akwai makarantar kurame a Haɗejiya, akwai ta Tudun Maliki a Kano. Ku koyi maganar hannu ku duka gidan, kada ya zama baƙo a cikin 'yan'uwansa. Malamai sun tabbatar da cewa ishara da ake fahimta tana tsayawa matsayin furuci a ciniki da aure. Kada a miƙa masa ƙoƙon bara, a koya masa karatu da sana'a.

A duwatsun Birnin Kudu, wajen Dutsen Mesa da Dutsen Habude inda zanen shanun mutanen dā yake, akwai waɗansu duwatsu da in an ƙwanƙwasa su sukan yi amo kamar ƙararrawa. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya rubuta labarinsu a wajen 1955. An yi zamani da zamani ana dukansu, har wurin ya lotsa, amma amonsu yana nan. To, kunnen ɗan Adam ba dutse ba ne, in aka yi ta dukansa da ƙara da tsinke da tafi, rana ɗaya zai yi shiru. Hausawa sun ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Mun faɗa, saura aiki.

Allah Ya jiyar da mu alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya bar mu da jinmu da ganinmu muddin ranmu. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu koma kan hukunce-hukuncen ciniki daga inda muka tsaya. Wassalamu alaikum.